A duba mahaɗa

A shekarar 2021 aka fito da wata waya a Amurka mai suna Cat S22 Flip. Idan tana rufe, sai ka rantse cikin wayoyin da ce masu murfi, dangin Motorola RAZR da ta yi tashe daga 2004. Kana buɗe ta sai ka ga maɓallan lamba a ƙasa, gilashin shafawa mai inci 2.8 a sama, cikinta kuma Android ce. Ba ita ta fara ba. Tun a 2014 kamfanin LG ya yi Wine Smart a Koriya ta Kudu, har da maɓalli na musamman na shiga KakaoTalk, wato WhatsApp ɗinsu na can, saboda dattawan da ke son hira da jikoki amma yatsunsu ba su saba da shafa ba.

Duk wanda ke yawo da waya biyu a aljihu, babba ta WhatsApp da ƙarama ta kira mai riƙe caji, zai ce ga maganin damuwarsa ya zo. Ta wani ɓangaren kuma da gaskiyarsa. Maɓalli yana da amana. Akwai ɗan tudu a kan lamba 5, da shi makaho ko mai laluben waya cikin duhu ke gane inda yatsansa yake. Mai hannu jiƙe da ruwa ko dumu-dumu da baƙin mai zai danna *310# ya ga kuɗin da ya rage masa, gilashi kuwa da ya ji danshi sai ya shiga shirme. Ka buɗe murfi ka amsa kira, ka rufe ka kashe. Waya ba za ta kira surukinka daga cikin aljihu ba tare da saninka ba.

Wahalar tana farawa ne a inda rabin sama da rabin ƙasa suka haɗu. Manhajojin Android an ƙera su ne don babban gilashi da yatsa mai yawo. Ka shiga manhajar banki da maɓallan kibiya, ka yi ta gangarawa, sai ka iso wani wuri da maɓalli ba ya kaiwa, dole ka ɗaga hannu ka taɓa gilashi. Ka taɓa wurin rubutu, wani allon haruffan ya taso ya cinye rabin fuskar da dama can ba ta cika tafin hannu ba. Ka koma ƙasa, ka tarar "sannu" kaɗai dannawa goma sha ɗaya ce, huɗu daga ciki na harafin farko ne, ɓ da ɗ da ƙ kuwa ko alamarsu babu a jikin maɓallan. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa. Ƙarshenta mutum ya haƙura ya tura saƙon murya, abin da kowace wayar shafa ke yi ba tare da wannan hawa da sauka ba.

Abin lura a nan shi ne, mai talla yakan lissafa maka abubuwan da aka haɗa, ba ya faɗin yadda aka haɗa su. Kowane rabi, in an ware shi, ba laifi. A tsakani ake samun cikas, kuma ko a ƙirar jikinta haka ne. Ta cikin mahaɗar murfin nan wata siririyar igiya ta ratsa, wadda masu gyara ke kira fileks, ita ke kai wuta da hoto zuwa gilashi. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa ta ake yi. Wanda ya riƙe waya mai murfi a da ya san ciwon: ana jin ƙarar kira, maɓallai na haske, fuska kuwa fari fat ko baƙi ƙirin. Shi ya sa ni a ganina mai saye ya rage tambayar girman kyamara. Ya buɗe ya rufe ya ji ko murfin na rawa, ya rubuta saƙo cikakke, ya gwada ainihin manhajar da zai riƙa amfani da ita kullum tun yana gaban mai shago.

Akwai wanda ta dace da shi, kuma ba wanda ake zato ba ne. Mutumin da ya gaji da kwana yana shafa waya, yana son ta yi masa kira da saƙo da taswira amma kallon bidiyo a cikinta ya zama azaba, to ƙanƙantar gilashin nan riba ce gare shi. Sai dai ya san cewa kamfanin Bullitt na Ingila, wanda ya ƙera Cat S22 Flip da sunan Caterpillar, ya rufe a farkon 2024. Wayar ta tsaya a Android 11, manhajoji kuwa kullum gaba suke yi.