Wa Ke Da Zanen Birnin Kudu?

In mutum ya tashi daga Garki, ya ratsa Dutse, ya yi kudu, zai iske Birnin Kudu. A can, jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka yi. Shanun nan ba su da tozo, watau ba irin waɗanda muka saba gani a rugar Fulani ba ne. Kusa da su kuma akwai duwatsu masu amo kamar kuge in an ƙwanƙwasa. Cikin 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya duba su, ya ba duniya labari. Amma har yau ba a san sunan mai zanen ba, balle magajinsa.

To, ga abin tambaya. A ce mai fasa dutse ya zo da gudumarsa, ga iyali suna jiran tuwon dare. Ya ce, “Mai abin nan ya mutu, ban san shi ba, watakila ma addininmu ba ɗaya ba. Don me zan bar shi?” Maganarsa ba ta wofi ba ce, gama yunwa ba ta san tarihi ba.

Amma mu dubi abin da ya faru a Ingila. A wani tudun daji mai hazo, wai shi Dartmoor, Kiristocin dā sun kakkafa gicciye na dutse don kada matafiya su ɓace. An ambaci ɗaya daga cikinsu tun 1240 cikin takardar iyaka. Daga baya manoma suka tumɓuke waɗansu, suka yi dogaran ƙofar gona da su. Sai da jikoki suka tashi suna nema, suna mayarwa wurarensu da wahala. Wanda aka farfasa kuwa ya tafi ke nan.

Ashe abin da ba shi da magaji ɗaya, na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Amana ce a hannunmu, mai riƙon amana kuwa ba ya sayarwa. Kiyaye zane ba bauta masa ba ne, kamar yadda mai ajiye tsohuwar wasiƙa bai zama bawan takarda ba.

Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka san baƙin cikin riƙe takarda ba ka iya karantawa. Zanen nan wasiƙa ce wadda ba mu gama karantawa ba. Duwatsun da za a fasa suna da yawa a ƙasar Dutse. A nuna wa mai guduma wani, a bar wa jikoki wannan.