Shirun Dutse da Ma'aunin Girma

Wanda ya taso daga Gwaram, ya bi ta Birnin Kudu, ya shiga Dutse da hantsi, abin da zai fara tarbarsa shi ne shiru. Ga manyan duwatsu kewaye da gari, ga itatuwan dabino, ga tituna masu faɗi waɗanda ba kasafai suke cunkushewa ba. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, Dutse take fadar gwamnati, amma har yau ba ta koyi hayaniyar Kano ba. Na taɓa jin wani saurayi a mota yana raina ta, wai Kantin Kwari kaɗai ya fi ta motsi.

Dutse ba ita kaɗai ba ce. Can a Asiya, cikin duwatsun Himalaya, akwai Timfu, babban birnin ƙasar Butan. Babu danja ko ɗaya a titunansa. Ɗan sanda ne yake tsayawa yana ba da hannu. Duk da haka daga nan ake mulkin ƙasa sukutum.

'Yan'uwa, da me muke auna girma? Yawancinmu da ƙara muke aunawa. Shi ya sa 'ya'yanmu suke jin kunyar faɗin sunan ƙauyensu in sun je Legas, shi ya sa mai yawan surutu yake samun kujerar gaba, mai haƙuri kuwa a manta da shi a baya. Amma annabi Iliya, a kan Dutsen Horeb, ya ga guguwa da girgizar ƙasa da wuta duk sun wuce, sai da wuri ya lafa sannan ya ji Ubangiji.

Sai dai ba kowane shiru ne salama ba. Akwai shirun gwauruwar da aka ƙwace wa gona, ta rasa mai tsaya mata. Akwai shirun maƙwabcin da ya gani, ya kau da kai. Irin wannan shiru ciwo ne da aka rufe da tsumma.

Don haka in ka iske gari ko gida ya yi tsit, kada ka yi saurin rainawa, kada kuma ka yi saurin yabawa. Tsaya ka kasa kunne. In natsuwa ce, ka gode wa Allah, ka koya. In kuwa kuka ne aka danne, to, lokacin buɗe bakinka ya yi.