Wanda ya bugu a kai, baƙin cikinsa rashin godiya ne?



Wani bawan Allah daga yankin Kebbe ya tare ni bayan La'asar a ƙofar masallaci nan Tambuwal. Ƙanensa ɗan kabu-kabu ne, ya faɗi da babur wata bakwai da suka wuce, ba hular kwano, kansa ya bugi kwalta. An kai shi Sakkwato, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, daga baya Allah ya tashi kafaɗunsa. Sai yayan ya ce min: "Malam, yaron ga ya warke, amma wallahi ba shi na ba." Ba ya fita, ba ya cin abinci sai an matsa, abu kaɗan sai faɗa ko kuka, matarsa ta yi yaji sau biyu. Wasu dangi sun ce aljani ne. Wasu sun ce butulci ne kawai: Allah ya ƙwato ka daga bakin mutuwa, kai kuma ka zauna kana ƙunci?

Ni ma na yi kuskure. Da na je, wa'azin haƙuri na zuba masa kusan rabin awa. Ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya ce: "Malam, duk na sani. Zuciyar ce ba ta tashi."

Maganar nan ta tuna min da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani ke sauƙaƙawa. Akwai kuma wanda ke faɗo wa mutum ba dalili a fili, tushensa a jiki yake, yana buƙatar magani. Fiye da shekara dubu ke nan malami Musulmi ya faɗi haka, mu kuma har yanzu muna haɗa su a kwando ɗaya.

Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar ƙafa. Sashenta na gaba, bayan goshi, shi ke taimaka wa mutum danne fushi da samun kuzarin fara aiki, kuma yana cikin wuraren da suka fi buguwa a haɗari. Haka ma shanyewar ɓarin jiki: kusan mutum ɗaya cikin uku da ta same su na faɗawa ciwon damuwa daga baya. To, wanda ya karye muna ce masa ya yi salla a zaune, ba mu taɓa cewa imaninsa ne ya ragu ba. Don me wanda raunin nasa ke cikin ƙoƙon kai za mu tuhume shi? Shari'a ba ta ɗora wa mutum sai abin da yake da iko a kai. Kuma baƙin ciki shi kansa ba zunubi ba ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi shi har idanunsa suka yi fari.

Ban ce a bar addu'a da ruƙya ba. Duka da ɗauri da sunan cire aljani ne zalunci.

In ƙuncin ya wuce mako biyu, a koma wa likitan da ya duba kan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san sunan Kware ya zama abin zolaya a bakinmu, kuma zolayar nan ta hana mutane da yawa magani. Ƙwayoyin ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ba a yanke su kwatsam. Kada a saya a kemis da ka, balle tiramadol, wanda kan iya tayar da farfaɗiya ga mai rauni a kai. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ranar za a tafi, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari daga ɗakin.

Yayan ya kai shi. Yanzu wata biyu yana shan magani, yana ɗan zama a rumfar yayan da safe, ranar kasuwa kuma a bar shi gida don hayaniya na damunsa. Matar ta dawo bayan an zaunar da iyayenta an yi musu bayani. Babur dai likita ya ce tukuna.