Ƙaddara Ce Ko Laifin Mutum?

A watan Agustan 2006, asibitocin Abijan, har da asibitin koyarwa na Treichville, suka cika maƙil da masu amai, haɓo da sarƙewar numfashi. Ashe dagwalon guba ne daga jirgin ruwa Probo Koala aka zubar cikin dare a sassan birnin. Sama da mutum 100,000 suka nemi magani.

Ɗan kasuwar Adjamé da ke birnin zai ce haka Allah ya ƙaddara, kuma gaskiyarsa. Sai dai imani da ƙaddara ba ya wanke wanda ya jawo ɓarna. Ai ko kisan kuskure, shari'ar Musulunci ta wajabta diyya.

A 2007 kamfanin Trafigura, wanda ya yi hayar jirgin, ya biya gwamnatin ƙasar dala miliyan 198, amma bai amsa laifi ba.