Wa Ke da Fakon da Mace Ta Raya?

Tun bayan farin 1973 da na 1984 manoman Adar suka san damina ta sauya hali. Ruwa yakan makara, in kuma ya zo ya zo da ɓarna, kamar ambaliyar 2024. Idan hatsi ya kasa, maza su tafi cin rani Sakkwato ko Abijan, a bar mace da yara da rumbu wayam. To, abin da gwamnati ke yi wa wannan mace, alheri ne ko bashi take biya?

A 1989 wasu manoman gundumar Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa: ramuka a fako, a zuba taki, su riƙe ruwan sama. Ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kai ta soma ba da hatsi a Badagishiri da kewaye, har fako ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa. Mata suna cikin masu dakon dutse da taki a irin wannan aiki, amma gamanar da mace ke nomawa galibi aro ce daga miji ko dangi, kuma aron da ya yi albarka mai shi ba ya mantawa da shi. Wa zai zuba gumin shekara uku a gonar da za a iya karɓewa a ta huɗu?

Dokar karkara ta 1993 ta ce ƴan Nijar duka daidai suke wajen samun ƙasar noma, ba bambancin namiji da mace. Musulunci ma ya yanka wa ɗiya rabonta na gado. Al'ada ce ke cewa ta bar wa ƴan'uwanta maza in an zo kan gona. Ko a filin noman ranin Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, da sunan magidanta aka fara rabon.

A ranar 23 ga Yulin 2025 Kotun Duniya ta bayyana cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe. Nijar na da gaskiya in ta ce wa masu manyan masana'antu: ba mu muka ɓata ba, mu ke shan wuya. Sai dai wannan hujjar ce matar Illela ko Malbaza ke da ita a kan Yamai, kuma ba daidai ba ne a karɓe ta a waje a ƙi ta a gida. Buhun tallafi yana ƙarewa kafin girbi. Abin da take bin hukuma shi ne takardar shaida da sunanta daga hukumar filaye ta ƙauye, ba tare da ta sayar da akuya don kuɗin mota ba, da kujera a cikin hukumar ranar da ɗan'uwanta ya zo yana cewa gonar ta ubansa ce.