Shin Baƙo Yana Dasa Itace?

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar la'asar, samari biyu suka tare mu a ƙofar masallaci. 'Ya'yan dattijon nan ne mai lambu a bayan gida, wanda duk ɗan Sabo ya san shi, ba sai mun kama suna ba. Da izininsu da na mahaifinsu muka kawo maganar wannan shafi, don ba ta gidansu kaɗai ba ce.

Babban ya ce, "Malam, filin nan na Baba zai ɗauki ɗaki uku na haya. Ga kuɗin makaranta, ga kuɗin magani, amma Baba ya ce sai dai bayan ransa. Shin ba almubazzaranci ba ne mutum ya tsare fili don furanni da kifi?"

Ba mu ba su amsa nan take ba. Washegari da hantsi muka rufe shago muka je muka gani da idonmu.

Wurin bai kai girman zauren wani ba, amma abin da ke ciki sai ka riƙe baki. Ga zogale a jikin katanga, ga shuwaka, ga alayyahu da kuɓewa, ga lalo wanda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira ewedu. A kusurwa akwai kwarmin siminti mai tarwaɗa. Idan ruwan ya yi kore ba ya zubarwa a kwata, sai ya kwashe shi da bokiti ya ba ganyen, don kashin kifi taki ne. Tumatir da albasa kuwa ya ce ya daina wahalar da kansa tun tuni, danshin Ibadan ba ya barin su su yi kyau, shi ya sa har gobe a mota ake kawo mana su daga Arewa. Sai ɗoɗɗoya, da lalle mai ƙamshin fure, da wata kariya a cikin tsohuwar tukunya. Ita kariyar da kansa ya ɗauko reshenta daga garinsu shekara arba'in da suka wuce. Sau biyu tana ruɓewa, don itaciyar ƙasar rairayi ce, ba ta son ruwa ya kwanta mata. Sai da ya koyi cika tukunyar da yashi, yana jawo ta ƙarƙashin rumfa idan damina ta kankama, sannan ta yarda ta zauna.

To, maganar almubazzaranci ba ta da wuya. Israfi shi ne kashe dukiya inda bai dace ba, ko wuce iyaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi, sadaka ce a gare shi. Matan layin nan nawa ne suka tsinki zogale a gidan ba su biya ko sisi ba? Furanni ma da ba a ci ba mu ga laifinsu ba. A Suratun Namli Allah ya ambaci lambuna masu ƙayatarwa cikin ni'imominsa, kuma Muslim ya ruwaito hanin mutum ya mayar da raihani idan an miƙo masa. Ido da hanci su ma suna da rabonsu.

Amma ƙaramin ya faɗi wata magana wadda ita ce ta hana mu barci. Ya ce, "Malam, nan fa ba gida ba ne. Ɗaki kana karɓar hayarsa ka aika gida. Itace fa, ranar da aka ce a tashi, a ka za ka ɗauke shi?"

Wallahi ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, dukanmu ne. An kafa unguwar nan tun 1916. Kakanninmu sun zo da shanu, sun koma da goro, daga baya suka zauna. A nan aka haifi da yawanmu, a nan aka binne iyayenmu, amma har yanzu idan muka ce "gida" Kano muke nufi ko Katsina ko Sakkwato, garin da wani ma sai ya yi shekara biyar bai taka ba. Shi ya sa za ka ga mai kuɗi ya gina bene a can, ƙadangaru na kwana a ciki, shi kuwa a nan kwatar ƙofar gidansa ta toshe shekara da shekaru. Me ya sa? Wai ai tashi za mu yi. Fiye da shekara ɗari muna shirin tashi, tabarmar ba mu naɗe ba, ba mu kuma shimfiɗa ta sosai ba.

Ba za mu ce tsoron banza ba ne. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, ya ga mutane suna loda 'yan komatsansu a manyan motoci, ba zai yi wa yaron nan dariya ba. Mu ma a lokacin mun lissafa abin da za mu iya ɗauka. Sai dai akwai hadisi a Musnadin Imam Ahmad da ke umartar wanda Alƙiyama ta zo wa yana riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa kafin ta tsaya, ya dasa. Wannan mutum ya tabbata ba zai ci 'ya'yan ba. Mu kuwa zato kawai muke yi. In tabbas bai zama uzurin barin dashe ba, yaya zato zai zama?

Akwai kuma abin da muka lura da shi a kasuwa. Mutanen gari suna gane wanda ya zo ɗiba kawai da wanda ya zo zama. Wata tsohuwa Bayarbiya da ke bayan katangar dattijon, ita ta ba shi irin shuwakar, shi kuma duk lokacin biki yana aika wa jikokinta lalle. Ba mu ce ganye zai tsare rikici ba. Amma a ranar tsoro, ƙofar da aka saba miƙa ganye ta cikinta ta fi saurin buɗewa.

Duk da haka yaran ba su yi ƙarya ba, kuma mun faɗa wa Baba a gabansu. Ciyar da iyali wajibi ne, lambu ba wajibi ba ne. Da a ce jikokinsa na zaune a gida don rashin kuɗin makaranta, da mun ce a fasa kwarmin yau ɗin nan. Da muka bincika, abin bai kai can ba, matsi ne irin wanda kowa ke ciki. Kuma kwarmin a buɗe yake, ga yara masu rarrafe a gidan. Wannan kam mun yi masa faɗa, duk da ya girme mu.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a gina ɗaki ɗaya ta wajen da kuɓewa take, a yi wa kwarmin murfin raga kafin Juma'a, sauran a bar wa Baba. Babban ya karɓa, ƙaramin dai ya yi shiru, ba mu san ko ya gamsu ba. Da za mu fito dattijon ya yanko reshen kariya ya naɗe a takarda, ya ce, "Liman, ka bar shi ya sha iska kwana uku kafin ka sa a yashi, in ba haka ba ruɓewa zai yi." Yana nan a kan kantar shago, gobe ne kwana na ukun, kuma har yanzu ba mu samo tukunya ba.