Katangar Da Ba Ta Tare Idon Sama

Magidanci a Gusau yakan gina katanga da zaure domin ya suturta iyalinsa daga idon mai wucewa. To, amma tun shekarar 2005 da Google Earth ta fito, ana iya leƙa tsakar gidansa ta hotunan tauraron ɗan Adam, ba tare da sallama ba.

Amfanin abin ba ya musuntuwa. Direba yana duba hanyar Tsafe, manomin Bungudu yana auna gonarsa. Hotunan kuma ba na nan take ba ne, fuska ba ta fitowa. Sai dai rumbu da ƙofar baya suna bayyana, kuma a jihar da 'yan bindiga ke sayen labarin gidajen mutane, wannan abin tsoro ne.

Aya ta 27 a Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gida, ta 12 a Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Malaman Malikiyya ma sun hana buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci.

Saboda haka hukuncin yana ga niyyar mai dubawa. Ya tambayi zuciyarsa: da maigidan yana tsaye a gefensa, zai ci gaba da kallo? Allah Shi ne Masani.